Hazon tawada da idon haske: me ya sa injin buga layukan lantarki ke sauya hali?

A cikin hanyoyin da ake bi yanzu don zana layukan lantarki kai tsaye a jikin kaya, akwai wadda ta yi fice wajen siririn aiki: bugu da hazon tawada, wanda kamfanin Optomec na Amurka ke sayar da injinansa da sunan Aerosol Jet. Injin yana iya zana layin azurfa mai faɗin maikiromita 10 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin mutum yakan kai 50 zuwa 100. Kuma ba sai a kan shimfiɗaɗɗen allo ba. Yana bugawa a kan roba mai lanƙwasa, a kan gilashi, a kafaɗar guntun silikon, har a jikin ƙarfe mai tudu da kwari. An yi amfani da shi wajen buga eriya a cikin murfin wayar hannu, da ma'aunin miƙewar ƙarfe a jikin fukafukan manyan injina, da siraran layukan da ke kwashe wuta daga fuskar faifan sola, da kuma haɗa guntayen silikon da aka ɗora kan juna a maimakon ɗinka su da zaren zinariya.

Wanda ya ji wannan zai zaci fasahar ta mamaye masana'antu tuntuni. Ga shi kuma ba sabuwa ba ce. Ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1990, daga wani shiri mai suna MICE na hukumar DARPA, mai ɗaukar nauyin binciken tsaro a Amurka, aka raine ta a birnin Albuquerque na jihar New Mexico. Amma har yau ta fi yawa a ɗakunan bincike da ayyuka na musamman. Dalilan suna da dama, har da tsadar tawada da jinkirin zana abu da baki ɗaya tak. Sai dai wanda ya fi ci wa masu aiki da injin tuwo a ƙwarya shi ne rashin tsayawarsa kan hali guda. Layin da ya buga da ƙarfe tara na safe da wanda ya buga da ƙarfe biyu na rana, da tawada ɗaya, da saiti ɗaya, ba wanda ya taɓa ko maɓalli, sai su fito da kauri daban. Gobe a kunna shi da saitin jiya, a sami wani abin dabam.

Don a ga nauyin wannan, a ɗauki lissafi mai sauƙi. Turjiyar layi, wato yadda yake hana wutar lantarki wucewa, ta dogara ne da irin ƙarfen, da tsawon layin, da girman cikinsa, faɗi sau kauri. A ce layi ne mai tsawon santimita 1, faɗi maikiromita 20, kauri maikiromita 2, azurfar da aka gasa bayan bugu kuma tana da turjiyar da ta ninka ta tsantsar azurfa kamar sau uku. Turjiyarsa za ta kama kusan om 12 (om shi ne ma'aunin turjiya). Idan tawadar da ke sauka ta ragu da kashi 20 cikin ɗari, turjiyar za ta kai kusan om 15, ƙarin kashi 25 ke nan. Ga layin da aikinsa kawai ya kai wuta daga nan zuwa can, ƙila a haƙura. Ga ma'aunin zafi ko na miƙewa, wanda turjiyar ita ce ainihin abin da ake karantawa, wannan kaya ya lalace. Kamfanin da ke ƙera kayan jirgin sama ko na asibiti kuwa ba zai sa hannu a kan hanyar da ba ta iya maimaita aikinta ba, komai kyan samfurin farko.

Tafiyar ɗigon tawada

Tawadar galibi ƙwayoyin azurfa ne 'yan mitsi-mitsi, masu girman nanomita gommai (nanomita dubu ne ke yin maikiromita ɗaya), da aka dama cikin ruwa ko wani ruwan sinadari. Akwai ta zinariya, ta jan ƙarfe, ta girafin (wani nau'in kabon), da ta roba mai hana wuta wucewa. Aikin farko shi ne mayar da ita hazo, kuma hanyoyi biyu ake bi.

Ta farko girgiza ce. Ana ɗora 'yar kwalba mai ɗauke da tawada mililita kaɗan a cikin kwamin ruwa, a ƙarƙashinta akwai faifan da ke kaɗawa kimanin sau miliyan biyu a daƙiƙa, sautin da kunne ba ya iya ji. Kaɗawar tana ratsa ruwan, ta shiga tawadar, ta tayar da ɗan tsiri a samanta, ƙananan igiyoyin da ke kan tsirin su tsintsinke su zama ɗigo. Tun 1962 R. J. Lang ya nuna cewa girman ɗigon yana bin saurin kaɗawar, da nauyin ruwan, da ƙarfin da fatar samansa ke riƙe kanta. Wannan hanya tawada mai ruwa-ruwa take so, wadda danƙonta bai yi nisa da na ruwa ba. Ta biyu kuwa iska ce mai matsi ke zuƙo tawadar ta fesa ta, tana iya ɗaukar wadda danƙonta ya ninka na ruwa har kusan sau dubu, amma tana shan iska da yawa, dole a zuƙe rarar kafin hazon ya isa kan injin.

Ko ta wace hanya aka bi, ɗigon da ake so faɗinsa tsakanin maikiromita 1 ne zuwa 5. Ƙanƙantarsa ta wuce yadda ake zato: ɗigo guda na firintar ofis mai fesa tawada, mai cin fikolita 10, zai haɗiye ɗigon maikiromita 3 kimanin 700. Iskar naitirojin ce ke ɗauko hazon ta bi da shi cikin siririn tiyo zuwa kan injin, ita za mu kira iskar dako. A can sai wata iskar, iskar kube, ta kewaye shi ta ko'ina, su matsu tare cikin bakin feshi mai faɗin maikiromita 100 zuwa 300. Kuben yana tsuke hazon ya zama zare wanda ya fi ramin bakin sirantaka nesa ba kusa ba, kuma yana hana tawadar taɓa bangon bakin, shi ya sa ba ya yawan toshewa. Zaren yana fita da gudu, ya riƙe sirantakarsa har tazarar milimita 1 zuwa 5, kuma wannan tazarar ce ke ba injin damar bin kwana da gangare. A 2013 Ankit Mahajan da Daniel Frisbie da Lorraine Francis na Jami'ar Minnesota sun nuna cewa yawan iskar kube idan aka gwada da iskar dako shi ne babban abin da ke juya faɗin layi: kube ya ƙaru, layi ya tsuke ya ƙara tudu.

A nan matsalar take kwance, kuma a ganina duk sauran bayani reshenta ne. Firintar ofis tana ƙirga ɗigonta: an ba da umarni sau dubu, ɗigo dubu sun fita, kowanne da girman da aka sani. Injin hazo ba ya ƙirga komai. Abin da yake aunawa da kyau shi ne iska, santimita kubik nawa ke wucewa a minti, da wutar da ake ba faifan girgiza, da gudun da kan injin ke tafiya. Yawan tawadar da ke cikin iskar, wanda shi ne abin da ke zama layi, babu ma'auninsa a ainihin tsarin injin. Idan mai aiki ya rubuta a littafinsa cewa ya yi amfani da iskar dako kaza da iskar kube kaza, bayanin abin hawa ya rubuta, kayan da ke ciki bai san nauyinsu ba. Shi ya sa ɗakin bincike ɗaya zai wallafa saitinsa dalla-dalla, wani ɗakin ya bi shi sau da ƙafa, sakamako ya ƙi zuwa ɗaya.

Inda hazon ke sauyawa

Ruwa ba ya tsami banza. Kowane sauyi da ake gani a layi yana da tushe a wani wuri tsakanin kwalba da bakin feshi, kuma kwalbar ce ta fi laifi.

Ƙarfin girgizar yana taruwa ne a wani tsayi a saman faifan. Idan fuskar tawadar tana daidai wurin, hazo ya tashi da kauri. Idan ta ɗan hau ko ta ɗan sauka, ya ragu. To bugun kansa shan tawada yake yi, ke nan aikin injin da kansa yana janye fuskar tawadar daga inda aka saita ta. Rebecca Tafoya da Ethan Secor, suna ɗakunan binciken Sandia a Albuquerque, sun nuna a 2020 cewa wannan saukar tawadar kaɗai ta isa ta jawo gocewa mai yawa, kuma da suka ƙera kwalbar da tawada ke zagayawa cikinta daga wani rumbu don tsayinta ya zauna wuri ɗaya, bugun ya daidaita na awanni masu yawa a jere. Abin da na fi so a wannan aiki shi ne bai fara da sanya ido ba, ya fara da toshe kafar.

Sai kuma haɗin tawadar. Busasshen naitirojin da ke ratsa kwalbar ba ɗigo kaɗai yake ɗauka ba, yana kwashe tururin ruwan da aka dama tawadar da shi, kuma ruwan da ya fi saurin ƙafewa shi yake fara tafiya. Tawadar da ta rage sai ta ƙara kauri. Abubuwa biyu masu karo da juna ke faruwa a lokaci guda: kowane ɗigo yana ɗauke da azurfa fiye da da, amma faifan yana shan wahalar tsinka tawadar, ɗigon da ke tashi ya ragu. Wani lokaci na farkon ke rinjaye layi ya yi kauri, wani lokaci na biyun, layi ya rame. Don rage wannan akan fara bi da iskar ta cikin kwalbar zallar ruwan da aka dama tawadar da shi, ta sha tururi ta ƙoshi kafin ta shiga tawadar. Zafi ma yana nasa: faifan yana ɗumama ruwan kwamin, tawada mai ɗumi ta fi tsinkewa da sauƙi kuma ta fi saurin ƙafewa, shi ya sa ake haɗa kwamin da na'urar sanyaya, kuma masu ƙwarewa ba sa fara bugu sai injin ya jima yana aiki.

A cikin tiyo, nauyi ne ke aiki. Ɗigon ruwa mai maikiromita 1 yana nitsewa cikin iska da gudun kusan milimita 0.03 a daƙiƙa, na maikiromita 3 kusan 0.27, na 5 kusan 0.75. Manyan ɗigo ne ke fara kwanciya a bangon tiyon, su ne kuma ke ɗauke da mafi yawan tawadar, domin ɗigon da ya ninka wani faɗi sau biyu ya ninka shi ciki sau takwas. Tsawon tiyon, da lanƙwasarsa, da tawadar da ta riga ta taru a cikinsa, duk suna sauya abin da ke isa kan injin. In taruwar ta yi yawa, wani lokaci ta kuɓuce gaba ɗaya ta zubo kan aikin.

Zango na ƙarshe shi ne mafi gajarta, amma a nan ake yanke kamannin layin. Iskar kube busasshiya ce, tana haɗuwa da hazon sai ɗigon da ke gefe su fara ƙafewa, na tsakiya kuma suna cikin danshin 'yan uwansu. Ɗigon da ya ƙanƙance ba shi da nauyin da zai miƙe ya daki inda aka nufa, sai ya bi iskar da ke watsewa a saman aikin ya faɗi nesa da layin. Wannan ce fantsamar da ake gani kamar ƙura a gefe biyu na layi, wadda in layuka biyu suna kusa tana iya haɗa su wuta ta tsallaka. Secor ya yi wa wannan bayani mai gamsarwa a 2018. Idan hazon ya bushe da yawa, garin azurfa ne ke sauka, ya taru da ramuka a ciki. Idan ya jiƙe da yawa, layin ya baje, iskar da ke hura shi ta tura shi gefe. Masu haɗa tawada sukan zuba ɗan ruwa mai jinkirin ƙafewa, irin su etilin gilaikol, don ɗigon ya iso da sauran danshi.

Ta yaya za a gani?

Hanya mafi tsufa ita ce a gama bugu, a gasa aikin don ƙwayoyin azurfa su manne da juna, sannan a auna kauri da turjiya. Wannan ita ce gaskiyar ƙarshe, amma tana zuwa bayan an gama ɓarna. Masu bincike a Jami'ar Maryland sun kawo wata dabara a 2017: ƙananan ramuka da aka san girman cikinsu, a tsayar da bakin feshi a kan ɗaya, a duba daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya cika. Daga nan an san yawan tawadar da ke sauka a daƙiƙa, a gyara saiti kafin a fara. Dabara ce mai kyau, kuma ta mayar da hankalin mutane kan adadin da ya dace a riƙa faɗa. Sai dai dole a dakatar da aiki kafin a yi ta, kuma labarin wancan lokacin kaɗai take bayarwa.

Daga nan sai kyamara. Yawancin injinan suna zuwa da kyamarar da ke kallon inda zaren ke sauka, kuma masu bincike irin su Roozbeh Salary da Mark Poliks a Jami'ar Binghamton sun koya wa kwamfuta karanta hotunan layi: faɗinsa, santsin gefensa, yawan fantsama, inda ya yanke, har da ƙiyasin tudunsa daga yadda inuwa ke kwanciya a kansa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma akwai abubuwan da kyamara ce kaɗai ke kama su, kamar bakin feshi da ya fara datti yana karkatar da zare. Rauninta shi ne daga sama take kallo. Faɗi take gani sosai, alhali yawancin gocewar a kauri take ɓuya: layi na iya rasa kaso mai yawa na azurfarsa faɗinsa bai sauya sosai ba. Ga shi layin da take gani jiƙaƙƙe ne, zai ƙanƙance in ya bushe. Sannan abin da ya sa ake son injin tun farko, wato bugu a kan abu mai lanƙwasa ko mai ƙyalli ko mai duhu, shi ne ke wahalar da kyamarar.

Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce wadda ta bar kallon layi ta koma kallon hazon kansa. Duk wanda ya taɓa ganin fitilar mota cikin hazo ya san tushenta: a iska mai tsabta ba a ganin hasken daga gefe, amma in hazo ya sauka sai sandar hasken ta bayyana, kuma iya kaurin hazon iya haskenta. Sai aka sa ɗan ɗaki mai tagogi a kan hanyar hazon, dab da kan injin. Haske yana shiga ta taga ɗaya, ma'aunin haske yana zaune a gefe yana karɓar abin da ɗigon suka warwatso. Tafoya da Secor da abokan aikinsu, ciki har da Mark Hersam na Jami'ar Northwestern, sun nuna a 2020 cewa idan aka haɗa wannan awo da yawan iskar dako, ana samun adadin da ke bin yawan tawadar da ke sauka, har ya yi hasashen yadda layin zai ɗauki wuta, fiye da yadda saitin iska kaɗai ke yi. A 2021 Secor, wanda ya koma Jami'ar Jihar Iowa, ya kai abin ga mataki na gaba, inda awon hasken ke komawa ga kwamfutar injin ta riƙa gyara saiti da kanta ana cikin bugu.

Kyawun wannan hanya a bayyane yake. Ba ruwanta da launin abin da ake bugawa a kai ko siffarsa. Tana ganin sauyi kafin tawadar ta sauka. Kuma tana barin tarihi: kowane yanki na kowane layi yana da adadin hazon da ya wuce lokacin da ake zana shi, ta yadda in kaya ya gaza bayan wata shida ana iya komawa a duba.

Abin da hasken bai sani ba

Amma dole a san me hasken ke aunawa, don a nan ne mai gaggawa zai ruɗi kansa. Ka'idar yadda ƙwallon ɗigo ke warwatsa haske Gustav Mie ya shimfiɗa ta tun 1908. Ga ɗigon da ya fi tsawon zangon hasken girma sau kaɗan, kamar waɗannan, hasken da yake tarewa yana bin faɗin fuskarsa ne a kimance, wato faɗi sau faɗi. Tawadar da ke cikinsa kuwa tana bin faɗi sau faɗi sau faɗi. Muddin girman ɗigon bai sauya ba, yawansu kawai ke hawa da sauka, to haske da tawada tafiyarsu ɗaya. Da zarar girman ya motsa, sun rabu. Idan ɗigo ya ragu daga maikiromita 3 zuwa 2.7, fuskarsa ta ragu da kashi 19, cikinsa da kashi 27. Idan kuma tawada ɗaya aka tsinka ta ɗigon maikiromita 2 a maimakon 3, jimillar fuskokinsu za ta ƙaru da rabi, ma'auni ya ce hazo ya yi kauri alhali ko ɗis ba a ƙara ba. Kuma mun riga mun ga cewa zafi da kaurin tawada da tiyo duk suna taɓa girman ɗigo. Ana iya rage wannan makanta ta hanyar auna haske ta kusurwa fiye da ɗaya, ko a haɗa wanda ya warwatsu da wanda ya ratsa ya wuce, domin manyan ɗigo sun fi tura haske gaba, ƙanana sun fi baza shi.

Na biyu, hasken ɗigo yake gani, bai san azurfa nawa ke cikinsa ba. Idan tawadar kwalba ta yi kauri, ɗigo iri ɗaya zai sauke ƙarfe fiye da na safe, ma'aunin kuma ba lallai ya nuna bambancin yadda ya kamata ba. Ke nan kowace tawada sai an yi mata nata gwajin daidaitawa, a buga layuka, a auna su, a san awon haske kaza yana nufin kauri kaza. In an sauya tawada, ko wadda ake da ita ta kwana biyu, a sake.

Na uku, hazon yana ratsa ɗakin hasken ne kafin ya isa bakin feshi. Duk abin da ya faru bayansa, bushewar da iskar kube ke jawowa, fantsama, zafin teburin da aikin ke kai, gasa aikin daga ƙarshe, bai shaida ba. Layuka biyu masu azurfa daidai wa daida na iya bambanta a turjiya idan ɗaya ya sauka da danshi ya kwanta lif, ɗayan ya sauka a bushe da ramuka. Ga kuma matsalar da kowane mai aiki da hazo zai fara tunani: tagogin suna yin datti. Tawada tana manne musu a hankali, ma'aunin da aka kawo don ya kama gocewa shi ma ya fara gocewa. Dole a tsara ɗakin yadda hazon ba zai shafi gilashin ba, kuma a riƙa tsayar da hazo lokaci-lokaci a duba abin da ma'aunin ke karantawa a iska zalla.

Wannan ne ya sa ba na ganin kyamara da ma'aunin hazo a matsayin kishiyoyi. Ɗaya yana faɗin nawa ya taho, ɗayar tana faɗin yadda ya kwanta. Idan awon hazo yana nan daram amma layi ya fara fantsama, an san matsalar tana kan injin ko a bushewa. Idan faɗin layi bai sauya ba amma hazo ya ragu, an san layin yana ramewa ta inda kyamara ba ta gani.

Saura tambayar da ta fi wuya: an ga hazo ya ragu, me za a murɗa? Abu mafi kusa shi ne a ƙara iskar dako. Amma ƙara ta yana sauya rabonta da iskar kube, layi ya ƙara faɗi, sai an ƙara kuben shi ma, matsin da ke cikin bakin ya hau. Kuma ninka iskar ba ya ninka tawadar daidai, domin iska mai sauri tana tsinka hazon da ke kwalbar. Ana iya ƙara wa faifan girgiza wuta, sai dai wannan yana ƙara zafi, kuma amsarsa ba ta tafiya a miƙe. Ko kuma a bar hazon yadda yake a rage gudun kan injin, tunda girman cikin layi shi ne tawadar da ke sauka a daƙiƙa a raba da gudu: hazo ya ragu da kashi 10, gudu ya ragu da kashi 10, layi ya koma yadda yake. Wannan ya fi tsabta a lissafi kuma nan take yake aiki, illa dai yana taɓa lokacin da tawada ke samu ta bushe, kuma ba kowace manhajar injin ke yarda a sauya gudu ana tsakiyar zane ba.

Akwai kuma jinkiri. Daga lokacin da aka sauya iska zuwa lokacin da sabon hazon zai ratsa tiyo ya fito, daƙiƙoƙi sun wuce, kan injin ya yi gaba da milimita da yawa. Awon hasken ma ba ya zama cak, yana rawa sama da ƙasa saboda hazon ba ya tashi sumul. Tun 1924 Walter Shewhart ya koya wa masana'antu bambanta ƙaramar rawar da ke cikin jinin kowane aiki da sauyin da ke da takamaiman dalili, kuma darasinsa yana aiki a nan kai tsaye: injin da aka sa ya bi kowace 'yar rawa da gyara zai ƙara hargitsa layin ne. Abin da gyaran kai-da-kai ya fi iyawa shi ne gocewar da ke tafiya a hankali cikin mintuna da awanni, irin ta saukar tawada da ɗumamar ruwa. Don haka ake tara awon na ɗan lokaci a ɗauki matsakaicinsa kafin a motsa komai. Gutsurin tawada da ya kuɓuce daga tiyo kuwa, ko bakin da ya toshe farat ɗaya, ba gyaran saiti suke buƙata ba. Abin da ake so daga ma'aunin a irin wannan hali shi ne ya rufe marfin da ke tare zaren, ya tsayar da aiki, ya rubuta daidai inda kan injin yake lokacin da abin ya faru, don a san wane yanki za a duba ko a sake bugawa.